Na'urar auna yanayi ta gida: wacce za ta jure damina da hunturun Jos?

Duk wanda ya zauna a Jos ya san ana iya sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya a Bukuru, a Farin Gada kuwa ko ɗigo bai sauka ba. Hasashen da ke cikin waya ba ya ganin wannan bambanci, domin lissafi ne na yanki mai faɗi. Ma'aunan filin jirgin sama na Yakubu Gowon kuma suna Heipang, kusan kilomita 30 daga cikin gari. Shi ya sa manomin dankalin Turawa, da mai gidan kaji, da mai tara ruwan indararo a tanki, da malamin makarantar da ke koyar da labarin ƙasa suke neman ma'aunin da zai gaya musu abin da ya faru a filinsu su kaɗai.

Matsalar ita ce, kusan duk na'urorin da ke kasuwa an ƙera su ne da Turai da Amurka a zuciya. A nan abubuwa huɗu ne ke kayar da su: ƙurar hunturu, ruwa mai saukowa da ƙarfi cikin ɗan lokaci, zafin rufin kwano, da ɗaukewar wuta. Da waɗannan ya kamata a auna kowace na'ura kafin a kalli kyan allonta.

Na'urar kashi biyu ce. Ɓangaren waje yana ɗauke da 'yan kofuna uku masu juyawa don auna gudun iska, da kibiya mai nuna inda iskar ta fito, da mazurarin ruwan sama, da ma'aunin zafi da laima da ke ɓoye cikin fararen faya-fayai da aka jera kamar an kife kwanuka. Yawanci akwai ɗan faifan sola a sama da batir biyu a ciki. Ɓangaren ɗaki shi ne allo, ko ɗan akwati marar allo da ke karɓar saƙo ta iska ya tura wa waya. Ma'aunin nauyin iska galibi yana cikin wannan na ɗakin.

Ma'aunin ruwa shi ne zuciyar cinikin

A ganina, wanda zai saya a Jos ya fara da tambayar yadda na'urar ke auna ruwa, sauran duk su biyo baya. Hanya biyu ce ake bi. Ta farko, mazurari yana tara ruwa ya zuba cikin wani ɗan cokali mai baki biyu da ke lilo a kan ƙusa. In ɓangare ɗaya ya cika sai ya kife, ɗan maganaɗisu ya gifta gaban makunni, na'ura ta ƙirga kifewa ɗaya. A na'urorin kamfanin Davis masu aunawa da milimita, kowace kifewa milimita 0.2 ce. Hanya ta biyu ba ta da mazurari sam: saman na'urar ne ke jin bugun ɗigon ruwa, ta kintata yawansa daga ƙarfin bugun. Haka na'urar Tempest take, haka ma WS90 ta kamfanin Ecowitt.

Ta biyun tana da daɗin sha'ani, babu abin da zai toshe, babu abin wankewa. Amma kintace ne. Iska mai ƙarfi ta girgiza sandar, ko hankaka ya sauka a kai, sai ta rubuta ruwan da ba a yi ba. Yayyafin marka na watan Agusta, wanda ke wuni yana sauka a hankali, tana iya rage shi. Ƙanƙarar da kan faɗo a Filato a farkon damina kuwa bugu ne mai ƙarfi da zai ruɗa lissafinta. Kamfanin Tempest yana gyara alƙaluman ruwa da taimakon bayanan rada, amma wannan gata ne na masu amfani da ita a Amurka. Wanda zai yanke shawarar shuka ko feshi a kan lambar da ya gani, ya nemi mai cokali.

Mai cokalin ma tana da nata aibin, kuma ya kamata a san shi. Yayin da cokalin ke kifewa, ruwan da ke kwarara a wannan ɗan lokacin ba ya shiga ƙirga. A yayyafi ba a lura. A hadarin gabas na watan Mayu, da ke juye milimita 30 ko 40 cikin rabin awa, na'urar takan nuna ƙasa da abin da ya sauka. Mazurari marar zurfi yana ƙara ɓarna, domin manyan ɗigo suna bugun gefensa su yi tsalle waje. Saboda haka a duba zurfin mazurarin da faɗin bakinsa. Mai faɗi da zurfi ya fi. Kuma a haɗa da ma'aunin hannu na roba mai layi-layi, a kafa shi a fili, a riƙa kwatantawa bayan kowane babban ruwa. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma shi ne alƙalin da zai raba gardama.

Ga yadda ake gwada cokalin tun kafin a ɗora shi sama. A auna faɗin bakin mazurari da rula. A ce santimita 16 ne: rabinsa 8, a ninka 8 sau 8 sau 3.14, ya ba da kusan murabba'in santimita 201. A raba da 10, ya zama mililita 20. Ma'ana, kowane mililita 20 da aka zuba daidai yake da milimita 1 na ruwan sama. A auna mililita 200 da sirinji, a zuba a gorar ruwa da aka huda murfinta da allura, a kife ta a kan mazurari ta riƙa ɗiga har tsawon rabin awa ko fiye. Allo ya kamata ya nuna kusan milimita 10. In ya nuna 9.5 ko 10.5, babu laifi. In ya nuna 8, a fara duba ko na'urar a karkace take, domin karkata kaɗan tana sa ɓangare ɗaya na cokalin ya cika kafin lokaci, ɗayan ya makara. Akwai ɗan kumfa a cikin da'ira a saman yawancinsu, irin na ma'aunin magina. Sai kumfan ya zauna a tsakiya. Idan an daidaita kuma kuskuren bai tafi ba, a gyara lambar ninkawa a cikin manhaja. Kada a juye ruwan gaba ɗaya a lokaci guda, sakamakon ƙarya zai bayar.

Amfanin wannan wahala yana fitowa da zarar an fara lissafi. Milimita 1 lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, lita 10,000 a hekta. Rufin da ya kai mita 10 a faɗi da 12 a tsawo, in aka yi ruwan milimita 20, ya karɓi lita 2,400. A cire abin da ya fantsama da wanda aka bari ya wanke kwano, kusan lita 2,000 za ta shiga tanki. Manomi kuma yana da ƙa'idar da masana noma suka daɗe suna aiki da ita a yankin Sudan da Sahel: damina ta kama idan an tara kusan milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a biyo da fari na fiye da mako guda ba. Ido kaɗai ba ya raba milimita 8 da 20, musamman in ruwan ya zo da iska da rugugi. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran faɗuwar ruwa a kowace jiha. Ma'aunin gida shi ke nuna ko abin ya tabbata a gonarka.

Waɗanda suka cancanci a duba

Ecowitt ita ce na fi ba mai matsakaicin aljihu shawara a kai. Ɓangaren wajenta mai suna WS69 yana da kofuna, kibiya, mazurari mai cokali, ma'aunin zafi da laima da na hasken rana, yana aiko da saƙo kusan kowane daƙiƙa 16, zangonsa mita 100 a buɗaɗɗen fili. Katangar bulo da rufin kwano suna cinye fiye da rabin wannan zango, a yi lissafi da haka. Abin da ya ɗaga darajarta shi ne ana iya ƙara mata 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya: WH40 ma'aunin ruwa mai zaman kansa, WH51 na laimar ƙasa, WH57 mai gano walƙiya daga nisan da ya kai kilomita 40, WH41 mai auna ƙurar iska, da WH31 na zafi da laima wanda ake iya jera har guda takwas. Mai gidan kaji zai ji daɗin wannan na ƙarshe. 'Yan tsaki a makon farko suna son zafin digiri 32 zuwa 35, ga shi daren Disamba da Janairu a Jos yakan sauka kusa da digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka. Ɗaya a ɗakin reno da ƙararrawa a waya ya fi leƙawa da tocila tsakar dare. Rauninta shi ne roba ce marar kauri. Rana tana cin ta a hankali, kuma faya-fayan da ke kare ma'aunin zafi ƙanana ne, don haka da tsakar rana marar iska takan ƙara digiri ɗaya ko biyu. WS-2902 ta Ambient Weather 'yar gida ɗaya ce da ita, masana'antar Fine Offset ta China ce ke ƙera su duka, sai dai an shirya ta ne don kasuwar Amurka.

Davis, ta jihar Kalifoniya, ita ce babbar yaya. Vantage Vue da Vantage Pro2 suna sabunta bayanin iska kowane daƙiƙa biyu da rabi, wanda ke sa su kama bugun guguwa da masu jinkiri ke tsallakewa, kuma zangonsu ya kai mita 300. Pro2 tana da fa'idar da ta fi komai: ma'aunin iskarta yana da waya mai tsawon mita 12, ana iya kai shi ƙololuwar sanda a bar sauran a ƙasa. Akwai kuma nau'in da ke da ɗan fanka mai zuƙo iska ta kan ma'aunin zafi. Ana samun kayan gyaranta ɗai-ɗai, ba sai an jefar da duka ba. Kuɗinta ya ninka na Ecowitt sau da dama, kuma batirinta na CR123 ba a kowane shago ake samunsa ba. Babbar gona, makaranta ko ƙungiyar manoma da ke son tarihin shekaru goma, nan ya dace su sa kuɗinsu.

Tempest kyakkyawa ce, ba ta da abin da ke juyawa, da sauti take auna iska, ana kafa ta cikin minti goma. Amma ba ta zuwa da allo, manhajarta tana dogara da intanet, ga batun ruwan da aka ambata. Ga mai sha'awar kallon iska da walƙiya a waya, ta yi. Ga manomi, ban ga dacewarta ba.

Akwai kuma ƙananan agogunan tebur masu nuna hoton rana da gajimare, da ɗan ma'auni guda da ake ratayewa a waje. Zafi da laima kawai suke aunawa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In abin da ake bukata ke nan, babu laifi, amma kada a kira su tashar yanayi.

Kafin a biya kuɗi a duba lambar zangon rediyo a jikin kwali. Ana yin su a 433, 868 ko 915 megahaz, kuma ɓangaren da ke kan ɗaya ba zai taɓa jin na ɗayan ba. Mutane da yawa suna sayen allo daga wani wuri, ƙarin ma'auni daga wani, su tarar ba sa magana da juna. Na 915 na kasuwar Amurka ne, kuma yana maƙwabtaka da zangon 900 da layukan wayar salula ke amfani da shi a nan, don haka 433 ko 868 ya fi kwanciyar hankali. A duba cajar ma: in an rubuta 100 zuwa 240 za ta ɗauki wutarmu, in 110 ko 120 kaɗai aka rubuta za ta ƙone. Kusan dukkansu waifai na 2.4 gigahaz kawai suke kamawa.

Wuta ita ce ke ɓata tarihi. Ɓangaren waje ba ruwansa da ɗaukewar wuta, sola da batir suna riƙe shi. Na ɗaki ne ke mutuwa, kuma an fi ɗauke wuta daidai lokacin da hadari ya taso, lokacin da aka fi bukatar bayanin. Ɗan akwatin GW1100 na Ecowitt da wayar USB yake aiki, ana iya jona shi da fawabank mai iya caji yana ba da wuta a lokaci guda, ko da inbata. Sai dai ba ya ajiye komai a cikinsa: in data ta ƙare, zanen wannan lokacin ya tafi. Allon HP2551 na Ecowitt yana karɓar katin ajiya, yana rubuta bayanai ko babu intanet. A wurinmu wannan katin ya fi allon launi muhimmanci. A ɓangaren waje a sa batirin litiyam na AA. Na alkalin yana yoyo ya ci ƙarafunan ciki, masu caji kuma ƙarfinsu bai kai ba.

Inda aka kafa ta

Na'ura mai tsada a kan rufin kwano ta fi mai araha a fili yin ƙarya. Ƙa'idar hukumar yanayi ta duniya ita ce a auna zafi a tsayin mita 1.25 zuwa 2 a kan ciyawa ko ƙasa, a auna iska a mita 10, ma'aunin ruwa kuma ya nisanci bishiya ko gini da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, ninki huɗu ya fi. Na'urar da ta haɗa komai a jiki ɗaya ba za ta cika duka ba, dole a zaɓi abin da aka fi so. Mai neman ruwa da zafi ya kafa ta a bututun ƙarfe mai kaurin inci ɗaya zuwa biyu, tsayin mita biyu, a wurin da ya fi buɗewa a gidan, nesa da janareto, kicin da daɓen siminti. Mai neman iska ya hau sama, amma ya ɗaga ta mita biyu ko fiye daga kwano, ya kuma san cewa zafin da zai gani da rana ya haura na gaskiya. Hasumiyar tankin ruwa takan fi rufi dacewa, in tankin bai tare iska ba. A zuba wa gindin bututun kankare, in dogo ne a ɗaure shi da waya ta ɓangare uku, domin sanda mai rawa tana kifar da cokalin ruwa ba tare da ruwa ba.

Tsawa a Filato ba abin wasa ba ce. Kada sandar ta zama abin da ya fi komai tsayi a gidan ba tare da kariya ba. A kira mai wayarin ya haɗa ta da sandar jan ƙarfe da aka binne a ƙasa, kuma kada kowa ya hau gyara in hadari ya haɗo.

Akwai alamar N a jikin na'urar, ita za ta kalli arewa. Kamfas ɗin waya ya isa, amma a tsaya nesa da kwano da bututu lokacin dubawa, ƙarfe yana karkatar da shi. Yanayi da kansa zai tabbatar: a Janairu iska daga arewa maso gabas take, a tsakiyar damina daga kudu maso yamma. In allo ya nuna akasin haka kwana da kwanaki, an juya ta baibai.

Nauyin iska yana tsorata sababbin masu saye. Jos tana sama da teku da mita 1,200 da 'yan kai, don haka ma'aunin zai nuna kusan hektofaskal (hPa) 880, alhali littafi ya ce 1013. Lafiyarsa ƙalau. Lambar da ke ƙarƙashin ABS ita ce ainihin nauyin wurin, kada a taɓa ta. Ta ƙarƙashin REL ake gyarawa: a nemo rahoton filin jirgin sama mai lambar DNJO, ko DNAA ga mutanen Abuja, a ɗauki adadin da ke bayan harafin Q a saka. Hoton rana da gajimare da allo ke nunawa a matsayin hasashe kuwa, a yi watsi da shi. Daga hawa da saukar nauyin iska yake kintace, abin da ke aiki a Ingila. A kusa da tsakiyar duniya nauyin yana hawa da sauka sau biyu kullum, ya kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ya sauka wajen 4 na yamma da 4 na asuba, ko da hadari ko babu.

Laima ta fi wannan amfani nesa ba kusa ba, musamman ga masu dankali a Bokkos, Mangu da Barikin Ladi. Cutar da ke ƙona ganyen dankali tana son sanyi da jiƙa. A Birtaniya ana gargaɗin manoma idan aka yi kwana biyu a jere zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, laima kuma ta kai kashi 90 na aƙalla awa shida kowace rana. A Yuli da Agusta Filato takan cika wannan sharaɗi sau da yawa, kuma ganin hakan a allo yana taimaka wa manomi ya yi feshin rigakafi kafin baƙin tabo ya bayyana. Ana gwada ma'aunin laima da gishirin miya: a cika murfin kwalba da gishiri, a ɗiga ruwa har ya jiƙe bai narke ba, a rufe shi tare da ma'aunin cikin roba marar shan iska na tsawon dare. Ya kamata ya nuna kashi 75. Kuskuren 5 sama ko ƙasa abu ne da aka saba gani a masu araha. Wasu kuma ba sa iya sauka ƙasa da kashi 10, sai su tsaya cak a ranakun da hunturu ya fi bushewa.

Hunturun ne ke kawo aikin gyara. Ƙura tana rufe faifan sola, batir ya ƙare da wuri; a goge shi da tsumma mai laima duk mako biyu daga Disamba zuwa Fabrairu. Tana shiga boris ɗin kofuna, sai su daina juyawa a iska mai laushi. Kada a ɗiga musu mai, mai yana kama ƙura ya zama kwaɓa. A cire kofunan a hure, in boris ya ci a sauya shi. Mafi muni, tana taruwa a mazurari wata huɗu, ruwan farko ya mayar da ita taɓo ya toshe ramin, ko ta zauna cikin cokali ta ƙara masa nauyi. A ƙarshen Maris a murɗe mazurarin a cire, a wanke shi da cokalin da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, a duba ko zanzaro ya yi gini a ciki ko gizo-gizo ya ɗaure cokalin da saƙa, domin zare ɗaya ya isa ya hana shi kifewa. Kafin a fara a kashe allon ko a cire batir, in ba haka ba kowace taɓawa za ta shiga tarihi a matsayin ruwan sama. Bayan an mayar, a sake gwajin gorar nan, a duba kumfa, a sa sababbin batura.

A cikin manhaja a mayar da zafi zuwa Salsiyas, ruwa zuwa milimita, agogo zuwa lokacin Najeriya. Jimillar ruwan yini tana komawa sifili da ƙarfe 12 na dare, saboda haka ruwan da ya fara da 11 ya ƙare da 2 zai rabu gida biyu. A duba jimillar saukowa guda maimakon ta yini. Wanda kuma zai tura bayanansa zuwa shafin intanet na Weather Underground ko taswirar Ecowitt don maƙwabta su amfana, ya ɗan gusar da alamar wurin zuwa bakin titi ko tsakiyar unguwa, kada ta zauna daidai kan rufin gidansa.